Kayan Kiɗa Mai Gajeren Numfashi

Tsirkiyar mandolin ba ta riƙe amo. Ka taɓa ta sau ɗaya, ta yi ƙara siririya mai kaifi, kafin ka ɗaga kai ta yi tsit. Mai goge yana iya jan amo guda har bakansa ya kai ƙarshe, ya juyo da shi ya ci gaba. Mai algaita kuwa cika kumatu yake yi, ya riƙe amon yadda ya ga dama. Mai mandolin bai sami wannan gatan ba. Abin da ke hannunsa ya fi kusa da kuntigi: duk wanda ya saurari Ɗan Maraya Jos ya san amon da ke fita tsaf ya mutu nan take, dole hannu ya koma ya sake tayar da shi. Tarihin mandolin, idan an bi shi a tsanake, labari ne na yadda mutanen Italiya suka yi da wannan gajeren numfashi, da abin da dabarar da suka samo ta jawo wa sunan abin daga baya.

Wanda duniya ta fi sani shi ne na birnin Napoli, a kudancin ƙasar. Bayansa ƙoƙo ne mai zurfi, amma ba fafe shi ake yi daga kututture guda ba. Masassaƙi yana yanka katako sala-sala, sirara, ya ɗora kowace sala a jikin ƙarfe mai zafi har ta lanƙwashe, sannan ya jera su a kan gungumen da ya sassaƙa da siffar da yake so, ya manne su gefe da gefe. Na mai ƙaramin ƙarfi sala goma sha wani abu ce. Na masu hali yakan haura talatin, kuma a bi kowace sala a ɗan ƙwaƙule tsakiyarta don ado da rage nauyi. Fuskar farin katako ce marar nauyi, kuma ba a shimfiɗe take sarai ba: daf da bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa, an ɗan karya ta ta sunkuya ƙasa. Wannan karyawar ce ke ba ta ƙwarin ɗaukar nauyin tsirkiya takwas da aka ɗaure tamau. Jakin ma ba a manne shi da komai ba, matsin tsirkiyoyin ne kawai ke riƙe da shi, idan ka kwance su duka sai ya zame ya faɗi. Takwas ɗin nan bibbiyu suke tafiya, kowane biyu murya ɗaya, kuma an saita muryoyin huɗu daidai da na biyolin, gogen Turawa. Tsawon abin da ke rawa a tsirkiyar bai wuce santimita 33 ba. Gajeriyar waya da aka ja ta yi tauri haka, dole amonta ya yi sama, dole kuma ya mutu da wuri.

Ninka tsirkiyoyin ya ƙara ƙarfin amo, ya kuma ƙara wahala. Da wuya biyun su zauna daidai wa daida na dogon lokaci, ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke ba amon wani ƙyalli idan kaɗan ne, shi ne kuma ke sa kunne ya yamutse idan ya yi yawa. Makaɗa na zolayar junansu cewa mai mandolin rabin ransa saiti yake yi, ɗaya rabin kuma yana kiɗa ba saiti.

Dabarar da aka samo mai sauƙin faɗi ce. Makaɗi yana riƙe ɗan falle mai tsini tsakanin babban yatsa da gefen manuni, riƙo sako-sako, wanda idan ya ƙara sassautawa kaɗan zai suɓuce. Damtse ba ya aiki, gwiwar hannu ma kusan a tsaye take, wuyan hannu ne ke lilo, ƙasa da sama, ƙasa da sama, a kan tsirkiya biyun nan. Da farko mai saurare yana jin kowane bugu daban. Idan saurin ya kai wani mizani, kuma bugun sama ya yi nauyi ɗaya da na ƙasa, sai kunne ya daina ƙirga. Abin da yake ji yanzu amo ne guda, dogo, mai ɗan makyarkyata, wanda ake iya kumbura shi a sassauta shi kamar muryar mutum. Italiyawa suna kiran wannan tremolo, daga kalmarsu ta rawar jiki. Mu a Hausa muna ninka goshin aikatau idan aiki ya maimaitu: a buga a bubbuga, a kaɗa a karkaɗa. Sai dai ninkin namu yana nuna yawa ne, yana cewa an yi an sake yi. Tremolo yana neman abin da ya wuce haka. Burinsa a maimaita har yawan ya ɓace, har mai ji ya rantse abu ɗaya ne tun farko.

Dogon amon nan ba ya cikin katakon, ba ya cikin wayar. Kunnen mai saurare ne ya ɗinke guntayen. Ba zan kira wannan zamba ba, domin wanda ake yi wa ya sani, kuma shi ya biya a yi masa. Amma yana da kyau a riƙe shi a rai, saboda irin abin da ya faru da kalmar mandolino, sunansa na Italiyanci, ke nan a bakin mutane.

Abin mamaki, ba da tremolo mandolin ya fara suna ba. Kakansa na nesa shi ne udu na Larabawa, wanda ya shiga Turai ta Andalus da tsibirin Sisili, ya haifi dangi manya da ƙanana. Ɗaya daga cikin ƙananan ana ce da shi mandola, ƙaraminsa kuma mandolino. Na farkon ba irin na Napoli ba ne: tsirkiyoyinsa na hanjin tumaki ne, sau da yawa da yatsu ake kaɗa shi, muryarsa a tausashe. Antonio Stradivari, wanda biyolin ɗinsa ke tsada kamar gidaje a yau, ya ƙera irinsa, akwai na 1680 ajiye a wani gidan tarihi na kayan kiɗa a jihar South Dakota ta Amurka. Don irin wannan ne Antonio Vivaldi, malamin kiɗa a gidan marayu mata na birnin Benis, ya rubuta kiɗe-kiɗensa na mandolin, ɗaya na makaɗi guda, ɗaya na biyu. Duk wanda ya saurare su zai ji ɗigo-ɗigo ne tsantsa, kowane amo a tsaye da ƙafarsa, babu mai jingina da wani.

Wajen tsakiyar ƙarni na 18 masassaƙan Napoli, musamman zuriyar Vinaccia, suka fito da sabon fasali: ƙoƙo mai zurfi, fuska karyayya, tsirkiyoyi bibbiyu sau huɗu, wasu na tagulla, mafi siranta ta hanji. Tun da saitinsa ɗaya da biyolin, duk mai iya biyolin ya riga ya san inda zai sa yatsu. Makaɗan Napoli suka ɗauke shi suka nufi Faris, inda 'ya'yan manya ke biyan kuɗi su koya, har Gabriele Leone ya buga littafin koyarwa a can a 1768. Abin kaɗawa a lokacin ƙoton gashin tsuntsu ne, na jimina ko na wani babban tsuntsu, a fiƙe shi a gyara bakinsa. Shi ya sa har gobe makaɗan Italiya ke ce wa fallen robar da ke hannunsu penna, kalmar da ke nufin gashin tsuntsu, kuma ita ce dai alƙalami. Littattafan wancan zamani sun cika da ƙa'idojin wane amo za a buga ƙasa, wane za a ɗauko sama, kamar yadda ake koya wa yaro inda alƙalami ke sauka da inda yake tashi. Tremolo yana nan, amma ado ne da ake ɗan ɗigawa a wuri ɗaya ko biyu. Gashin tsuntsu a kan tagulla ba ya jure doguwar karkaɗa, kuma kunnen masu biyan kuɗin bai nemi hakan ba.

A wannan zamanin ne Mozart ya ba mandolin wurin da ya fi kowane shahara a dandalin opera, wasan kwaikwayon da ake rera shi daga farko har ƙarshe. An fara nuna Don Giovanni a birnin Firag a 1787. Gogan wasan attajiri ne mai lalata mata, wanda tun a fitowar farko ya kashe wani dattijo da ya fito kare mutuncin 'yarsa. A kashi na biyu, idonsa ya faɗa kan baranyar wata mata da ya yaudara a baya. Sai ya tilasta wa baransa Leporello su yi musayar alkyabba da hula. Baran, cikin kayan ubangidansa, ya janye uwargidan daga wurin. Shi kuma Don Giovanni, cikin kayan bara, ya tsaya ƙarƙashin taga da mandolin yana rera waƙar neman soyayya. Kiɗan da Mozart ya rubuta wa mandolin a nan tsaf yake, mai daɗi, babu ko ɗigon mugunta a cikinsa, kuma babu tremolo. Yarinyar ba ta ko leƙo ba. Waɗanda suka zo su ne ƙauyawa da makamai suna neman Don Giovanni su kashe shi, ya raba su da dabara tun da sun ɗauka baran ne, ya ware jagoransu shi kaɗai ya lakaɗa masa duka.

Na daɗe ina ganin Mozart ya fahimci wani abu game da wannan kayan kiɗa da mutane suka yi shekara ɗari kafin su gane. Bai zaɓi mandolin don ya nuna zuciyar mai waƙar ba. Ya zaɓe shi ne a matsayin wani ɓangare na kayan ɓad-da-kama, tare da alkyabbar da hular. Mai kisan kai yana so a ɗauke shi talaka marar cutarwa mai son yarinya, ya kuma san abin da zai rataya a wuya don a ɗauke shi haka.

Beethoven ya rubuta wa mandolin 'yan gajerun kiɗe-kiɗe a Firag a 1796, Paganini kuma da shi ya fara tun yana ƙaramin yaro a hannun mahaifinsa a Jenowa, kafin ya koma biyolin. Daga nan kasuwar ta mutu. Fiyano ya cika ɗakunan masu kuɗi, ƙungiyoyin kiɗa suka ƙara girma da ƙara, ƙaramin abu mai muryar sauro ya rasa wurin zama. Wajen 1844 Berlioz na Faransa yana ƙorafi a littafinsa na sarrafa kayan kiɗa cewa ko manyan gidajen opera ba sa samun mai kaɗa mandolin idan an zo wurin tagar nan, sai a sa mai biyolin ya tsinka da yatsa ko a ɗauko jita.

Abin da ya dawo da shi waya ce. Wajen 1835 Pasquale Vinaccia ya sa masa tsirkiyoyin ƙarfe zalla, ya ƙarfafa jikin don ya ɗauke su, ya tsawaita allon da yatsu ke takawa, ya maye gurbin turakun katako da na ƙarfe masu haƙora. Gashin tsuntsu ya ba da wuri ga fallen ƙoƙon kunkurun teku, mai santsi da ƙwari. Yanzu ana iya karkaɗawa daga farkon waƙa har ƙarshenta ba tare da wani abu ya karye ba. Tremolo ya tashi daga ado ya zama ainihin muryar abin, kuma da wannan muryar mandolin ya iya yin abin da bai taɓa iyawa ba, wato kwaikwayon mawaƙin opera da ke riƙe amo har ƙirjinsa ya cika. A ƙasar da kowane mai tura kura ya san waƙoƙin Verdi, kuma ba a ƙirƙiro rediyo ko garmaho ba tukuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi da araha, ga ƙarafan da aka gitta a wuyansa suna nuna wa yatsa inda zai sauka, ba kamar biyolin ba da sai an yi shekaru ana cutar da maƙwabta.

Sama da ƙasa duk suka karɓa. Margherita, wadda ta zama sarauniyar Italiya a 1878, tana kaɗa shi, aka kuma kafa ƙungiyar makaɗa mai ɗauke da sunanta a Firenze. Ita ce dai sarauniyar da ake ba da labarin an raɗa wa wata fiza sunanta a Napoli a 1889, don haka abubuwa biyun da za a riƙa yi wa Italiyawa gori da su daga baya, duk sun bi ta hannun mace ɗaya. Akawuna da masu shaguna da ma'aikatan masaƙu suka riƙa haɗuwa bayan an tashi aiki, su ashirin ko talatin, da mandolin manya da ƙanana da jita, suna kaɗa abin da manyan ƙungiyoyi ke kaɗawa a gidajen opera.

Amma inda ya fi samun gindin zama shi ne shagon aski. A garuruwan Sisili da Fuliya da sauran kudu, mai aski ba aski kaɗai yake yi ba, yana cire haƙori, yana ɗora wa marar lafiya matsattsaku su zuƙe jini. Shagonsa majalisa ce ta maza. Da rana idan gari ya yi zafi, kujera ta zama wayam, sai a sauko da mandolin da jita daga ƙusar da suke rataye. Yaron shago yana koyon aska da kiɗa a wuri ɗaya, daga mutum ɗaya, yawanci da kunne ba da takarda ba. Idan saurayi zai je ƙarƙashin tagar budurwa da dare, ko ana biki, masu aski ake ɗauka. Ina zaton ba banza sana'o'in biyu suka haɗu ba: hannun da ya saba tafiyar da aska a maƙogwaron mutum ba tare da dannawa ba, ya riga ya koyi rabin abin da tremolo ke bukata.

A Napoli kuma akwai masu bin tebura, waɗanda ake kira posteggiatori. Su biyu ko uku, mai mandolin da mai jita da mai murya, suna zagaya gidajen abinci na bakin teku, su yi waƙa, su miƙa faranti. Birnin ya rasa matsayinsa na fadar sarauta lokacin da aka haɗe Italiya a 1861, kwalara ta yi masa ɓarna a 1884, talauci ya yi katutu. Baƙi daga Ingila da Jamus da Amurka suna zuwa kallon dutsen Besubiyo mai aman wuta da kufan Pompei, da yamma su zauna cin abinci. Mai faranti ya san abin da ke buɗe jakar baƙo. Ba kiɗa mai wuya ba ne, amo ne mai makyarkyata da aka ja shi ya yi tsawo, aka zuba masa zuma har ya yi yauƙi. Baƙon ya koma gida da hoton da ya saya: teku, dutse mai hayaƙi, da wani mutum marar takalmi yana murmushi da mandolin.

Sannan mutanen da kansu suka bi hoton. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan 4 suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu. Yadda mandolin ya kama a can labari ne da ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon 1880 wata ƙungiya daga Sifen ta sauka a New York, ana kiransu Ɗaliban Sifen, sanye da kayan gargajiyar ɗaliban ƙasarsu, suna kaɗa wani abu mai suna bandurria. Suka yi farin jini ƙwarai. Wani makaɗi ɗan Italiya, Carlo Curti, ya lura Amurkawa ba su san bambancin bandurria da mandolin ba. Ya tara 'yan ƙasarsu masu iya biyolin, ya miƙa musu mandolin tun da yatsun ɗaya ne, ya ɗinka musu kayan Sifaniyawa, ya sa musu kusan sunan waccan ƙungiyar, suka shiga yawon gari-gari. Jama'a suka yi ta tafi, suna tambayar sunan wannan abin kiɗa na Sifen. Haka kayan kiɗan Napoli ya shiga Amurka cikin rigar aro, karo na biyu ke nan da muka gan shi a hannun mai ɓad-da-kama. Curti bai tsaya nan ba. Ya wuce Meziko, a 1884 ya kafa ƙungiyar kiɗan gargajiyar ƙasar, ya sa wa makaɗanta kayan mahaya dawakin karkara da manyan malafuna. Mutumin ya gane tun da wuri cewa ido ne ke gaya wa kunne abin da zai ji.

Amurkawa ba su daɗe ba suka sake masa jiki. Orville Gibson na garin Kalamazoo ya sami takardar mallakar fasaha a 1898 a kan mandolin da ake sassaƙa fuskarsa da bayansa kamar na biyolin, babu ƙoƙo. Kamfanin da aka kafa da sunansa a 1902 ya riƙa talla yana kiran mai ƙoƙon ƙwaron dankali, saboda zanen salar bayansa. A shekarun 1940 wani mutumin Kentucky, Bill Monroe, ya ga wani Gibson ƙirar 1923 an sa shi a kasuwa a Florida, ya saya. A shagon aski ya gan shi. Da shi ya gina kiɗan da ake kira bluegrass, kuma alamar hannunsa ita ce sara: ya bugi tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya kashe amon nan take da yatsun hagu, mandolin ya koma ganga. Gajeren numfashin da Napoli ta yi shekaru tana ɓoyewa, shi Monroe ya fito da shi fili ya yi kasuwa da shi.

A gida kuwa kalmar tana ta lalacewa. Italiyanci yana da mandolinata, wadda asalinta kiɗan mandolin ne na dare, amma ta koma sunan duk wata waƙa ko rubutu mai zaƙin da ya wuce kima, marar ƙashi. Sai kuma jerin nan da kowane ɗan Italiya da ya yi zaman waje ya sha ji: fiza, taliya, mandolino, wani lokaci a ƙara da mafiya. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan gorin. Wani ya faɗa a tashar jirgin ruwa, wani ya zana a jarida, wani ya sa a fim, wani ya buga a kwalin taliya, kowanne guntu ne da zai mutu nan take in an bar shi. Da aka yi ta yi ba hutu, kunnen duniya ya daina ƙirga, ya ji abu ɗaya dogo: mutanen nan ba su iya komai ba sai ci da waƙa. 'Yan arewacin Italiya, masu masana'antu, da suka ji zafin gorin, sai suka juya shi kan 'yan kudu. Ƙwararrun makaɗa suka guje shi. Makarantun kiɗa na gwamnati, inda ake ba da shaidar biyolin da fiyano da sarewa, a lokacin ba su da aji ko ɗaya na mandolin.

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Gorin da ke ƙasƙantar da mutum yana iya wanke shi. Wanda aka ce bai iya komai ba sai waƙa, an kuma ce ke nan bai iya mugunta ba. Bayan yaƙin duniya na biyu wata magana ta zauna daram a Italiya da wajenta, cewa sojan Italiya mutumin kirki ne da aka tura yaƙin da ba ya so, ba kamar na Jamus ba. Masanin tarihi Angelo Del Boca ya ƙarar da rayuwarsa yana tono abin da wannan magana ta binne. Masu karatu da yawa a nan sun ga fim ɗin Umar Mukhtar, dattijon malamin da Italiyawa suka rataye a Libiya a 1931 bayan sun tsare dubban mutanen yankinsa a sansanoni cikin hamada. An hana nuna fim ɗin a Italiya a farkon shekarun 1980, sai a 2009 wata tashar talabijin ta nuna shi. A Habasha, a yaƙin 1935 zuwa 1936, jiragen Italiya sun zuba iska mai guba, kuma sai a 1996 gwamnatin ƙasar ta amsa hakan a hukumance. Duk da haka, lokacin da marubucin Ingila Louis de Bernières ya so ya ƙirƙiri hafsan mamaya da mai karatu zai ƙaunata, a littafinsa na 1994 da aka mai da fim a 2001, ya ɗauko kyaftin ɗin Italiya a tsibirin Kefaloniya na Girka, ya rataya masa mandolin, ya sa kalmar a sunan littafin. Ba na cewa babu irin wannan soja, kuma gaskiya ne Jamusawa sun karkashe dubban sojojin Italiya a wannan tsibiri a 1943. Abin da nake cewa shi ne marubucin bai bukaci dogon bayani ba. Kalma ɗaya ta yi masa aikin da alkyabbar Leporello ta yi wa ubangidansa.

Katako da waya ba su da laifi a nan, kuma akwai waɗanda ba su taɓa yarda a bar abin a hannun masu kwalin taliya ba. Raffaele Calace, wanda aka haifa a Napoli a 1863 cikin zuriyar masassaƙan da suka fara sana'ar tun 1825, ya kasance yana ƙera mandolin da hannunsa, yana kuma rubuta masa kiɗa mai wuyar gaske, inda tsirkiya ɗaya ke karkaɗa waƙa yayin da sauran ke ɗiga rakiya a ƙarƙashinta, duk da falle ɗaya. Sai a 1975 aka buɗe ajin mandolin na farko a makarantar kiɗa ta gwamnati, kuma ba a Napoli ba, a Padoba ne can arewa, a hannun Giuseppe Anedda, mutumin tsibirin Sardiniya. Daga wannan ajin da waɗanda suka biyo shi aka sami masu komawa ɗakunan ajiyar littattafai suna zaƙulo kiɗan ƙarni na 18 da ƙura ta rufe, wasu har suna fiƙe gashin jimina su kaɗa shi yadda aka rubuta, ɗigo-ɗigo. Ƙoƙon kunkuru ma ya fita daga hannu tun da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a shekarun 1970, roba ta gaje shi, tsofaffin makaɗa na ta gunagunin amon ba ɗaya ba ne.

Calace ya je Japan a 1924, ya yi kiɗa a gaban Hirohito, wanda a lokacin yarima ne mai riƙon sarauta. Ya tarar da ƙasa da ta riga ta kamu: shekara guda kafin zuwansa ɗaliban jami'ar Meiji suka kafa ƙungiyarsu ta mandolin, cikinsu har da Masao Koga, wanda daga baya ya zama babban mai tsara waƙoƙin zamani na ƙasar. Ƙungiyar tana nan har yau, irinta kuma suna da yawa a jami'o'i da makarantun sakandare, inda ɗalibai hamsin ko fiye ke zama sahu-sahu da takarda a gabansu suna kaɗa abin da Calace ya rubuta. Shagon zuriyarsa yana nan a tsohon garin Napoli, ana gasa sala ana mannawa, kuma da yawa daga cikin akwatunan da ke fita daga ƙofarsa Japan suke nufa. A can, idan uwa ta ce 'yarta tana mandolin, abin da maƙwabciya ke fahimta shi ne yarinyar ba ta dawowa gida da wuri saboda atisaye.